The Jungle: leburori ya ceta ko cikin masu cin nama?

Auwal: Jiya na gama The Jungle na Upton Sinclair, kuma ina nan kan bakana, littafin nan bai ci nasara ba. Mutum ya kwashe sati 7 a mayankar Chicago a 1904 don duniya ta ga wahalar baƙin leburori, ƙarshe nama kawai mutane suka gani

Anti Rabi: Haba Auwal. Ya fito Fabrairun 1906, ranar 30 ga Yuni shugaban Amurka Roosevelt ya sa hannu a dokar duba nama da ta tsaftar abinci da magani. Wata huɗu fa kacal, me kake so kuma

Auwal: To Anti wa dokar ta amfana? Mai saye ai. Jurgis, jarumin labarin, da ya taso daga Lituweniya da ƙarfinsa kullum cewa yake zan ƙara ƙwazo, ya gurɗe ƙafa a bakin aiki ya yi watanni kwance ba ko sisi, ya dawo an ba wani gurbinsa sai masana'antar taki, matarsa Ona ta mutu wajen haihuwa, ɗansu ya nutse a ruwan kan titi, wanne a ciki dokar ta taɓa?

Malam Garba: Shi kansa marubucin ya yarda, ya ce zuciyar jama'a ya auna sai ya samu cikinsu. Amma laifinsa ne. Ka nuna wa mutum ɓeraye da burodin gubar da aka sa musu duk an kwashe an niƙa da naman da zai ci gobe, sannan ka ce ya yi kukan wani?

Anti Rabi: Wlh wurin nan sai da na ture kwanon abincina

Auwal: Kin gani ko, ke ma ciki 😂

Anti Rabi: A'a na yi hawaye wurin gidan da aka damfari su Jurgis, ba wanda ya faɗa musu akwai kuɗin ruwa. Babin ƙarshe ne suka gundire ni, labari ya tsaya cak sai wa'azin gurguzu shafi bayan shafi

Malam Garba: Ai jaridar 'yan gurguzu ce ta fara buga shi a 1905, Appeal to Reason. Wa'azin shi ne kayan, Jurgis ɗan dako ne kawai

Auwal: Malam wannan kam ban yarda ba, bari in dawo daga masallaci