"Ka ƙi naka duniya ta so shi": har da jariri a ciki?

Malamin Hausa, Gusau: Assalamu alaikum. Shekaranjiya a gidan suna na ji wata dattijuwa tana yi wa mai jego faɗa saboda ta ajiye kwanon kunun kanwa ta ɗauki jaririnta da zarar ya fara kuka. Ta ce mata, "Ka so naka duniya ta ƙi shi, ka ƙi naka duniya ta so shi." Tun daga lokacin nake tambayar kaina ko ta ajiye karin maganar a muhallinta, domin ban ga laifin da ɗan kwana bakwai zai yi har a ƙi shi ba.

Hajiya, Talata Mafara: Malam, dattijuwar ba ta yi kuskure ba, domin sangarta daga zanen goyo take farawa. Mu da aka raine mu da kunyar ɗan fari, ban taɓa kiran sunan babban ɗana ba, ban kuma yi masa wasa a gaban surukaina ba. Da ya kai shekara biyu kakarsa ta tafi da shi yaye, ya zauna hannunta har ya shiga makaranta, kuma ga shi yau yana riƙe da gidansa, babu mai kuka da shi.

Malamar jinya, Ƙaura Namoda: Hajiya, a yi mini afuwa, ina ganin an haɗa abu biyu da ba ɗaya suke ba. Jariri bai san dabarar juya uwarsa ba, kuka shi ne kaɗai bakinsa. Likitan ƙwaƙwalwa na Ingila John Bowlby ya rubuta wa Hukumar Lafiya ta Duniya rahoto a 1951 a kan illar raba ƙananan yara da mai kula da su, sannan masaniyar halayyar yara Mary Ainsworth ta fara zagaya gidaje a Yuganda a 1954 tana kallon iyaye mata da 'ya'yansu. Abin da ta lura da shi can, ta kuma sake gani a Baltimore ta Amurka, shi ne yaron da ya tabbata za a amsa masa idan ya kira ya fi sakin jiki ya rarrafa ya yi wasa nesa da uwarsa, yana waiwayenta lokaci lokaci. A binciken Baltimore, jariran da ake saurin rarrashinsu a watannin farko sun fi ƙarancin kuka zuwa ƙarshen shekara. Ita ma ƙiwar da yaro ke farawa wajen wata bakwai ko takwas, wadda wasu ke ɗauka alamar lalacewa ce, shaida ce ta cewa ya gane nasa ya shaƙu da su.

Amma akwai inda nake tare da ke. An yi irin wannan nazari a gidajen Hausawa, aka buga shi a 1977, kuma an tarar jariranmu suna shaƙuwa da mutum fiye da ɗaya a gida, ko da yake akwai wadda suka fi nema idan sun firgita, yawanci wadda ta fi ɗaukarsu. Wato ɗanki bai rasa shaƙuwa ba, wurin kakarsa ya same ta.

Malamin islamiyya, Anka: Ni kalmar "ƙi" nake so mu tsaya a kanta. A fahimtata tana nufin ƙin goyon bayan yaro idan ya yi ba daidai ba, kamar uban da maƙwabci ya kawo masa ƙarar ɗansa, maimakon ya hau maƙwabcin da faɗa sai ya tsawata wa ɗan. Wannan sai yaro ya fara wayo. A Bukhari, Aƙra'u ɗan Habis ya ga Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yana sumbatar jikansa Hasan, ya ce shi yana da 'ya'ya goma bai taɓa sumbatar ko ɗaya ba, sai aka amsa masa da cewa wanda ba ya jin ƙai ba a jin ƙansa.

Wani magidanci, Gummi: Inna Hajiya, ni ɗan fari ne, kuma a hannun gwaggona na tashi. Shekaruna arba'in da ɗoriya, ina kai wa mahaifiyata hatsi da kuɗin cefane kowane wata, amma idan na durƙusa na gaishe ta sai magana ta ƙare mana, mu zauna shiru har na tashi. Ƙannena kuwa suna kwance a tabarmarta suna hira. Duniya ta so ni, ban musa ba, sai dai har yau idan abu ya dame ni gwaggo nake nema, ita kuma ta rasu bara.

Hajiya, Talata Mafara: Ɗana, Allah Ya jiƙan gwaggonka. Ka je ka tambayi mahaifiyarka wa yake aiko da fura gidan gwaggon kullum da hantsi. Ni dai wata uku na yi ina bi ta bayan gidan surukata da sunan ɗibar ruwa, ina leƙen nawa ta kafar zana, kuma har yau bai sani ba.