Filawud ɗin bach yana min dabbare-dabbare idan na shafa kala, meye mafita?

Sabon_Kafinta ya rubuta:

Assalamu alaikum ogogi da masana aikin katako. Don Allah shawara nake nema. Wani kwastoma ne ya kawo min filawud ɗin bach, farin nan na ƙasashen sanyi, mai kauri 18mm wanda in ka duba gefensa zaka ga ninki 13 a jere, yana so in yi masa kantar littattafai da teburin karatu amma yace kalar ruwan ƙasa mai duhu yake so irin ta maɗaci. Na goge wani yanki da samfefa na shafa sitain, wato ruwan kalar katako, da tsumma yadda muka saba yi wa sauran katakai, sai abu ya fito dabbare-dabbare, nan yayi baƙi ƙirin can kuma fari kamar ba a taɓa shi ba. Na ƙara shafi na biyu ko zai daidaita sai ma abin ya ƙaru. Sitain ɗin ne ba kyau ko katakon ne haka? Kayan nan da tsada wallahi, bana son in taɓa sauran sai na ji daga gare ku.

MaiFeshi_Kaduna:

Wa alaikumus salam ƙanena. Sitain ɗinka lafiyarsa ƙalau, halin bach ne haka. Jijiyar katakon ba a miƙe take ba, tana lanƙwashewa ta sama ta ƙasa, inda bakinta ya leƙo waje nan yake zuƙar kala da yawa, inda ta kwanta kuma da kyar yake sha, ido baya ganin wannan bambancin sai ka zuba kala sannan ya tonu. Maɗaci ƙofofin jikinsa manya ne kuma a warwatse daidai shi yasa baya baka wannan wahalar.

Abin da zaka yi shine ka hana katakon shan kalar da son ransa. Ka samu sandin sila, ruwan nan da ake shafawa don toshe ƙofofin katako, ka tsinka ta da tina sosai, kamar kashi 1 na sila kashi 2 ko 3 na tina, ta zama ruwa-ruwa, ka yi shafi ɗaya tal mara kauri. Wuraren nan masu ƙishi su zasu fi shanye ta su toshe. In ta bushe ka bi da samfefa mai laushi, lamba 320, a hankali, shafa kawai ba gurza ba, ka kakkaɓe ƙura sannan ka sa kalarka. Kalar zata fito da haske fiye da yadda kake zato, kar hankalinka ya tashi, haka ake so, duhun a hankali ake gina shi.

Amma ka kula da abu ɗaya, in sitain ɗinka irin wanda ake haɗawa da tina ne kar ka goga shi da tsumma a kan silar, zai narkar da ita ka dawo gidan jiya. Wannan sai dai feshi. Mai mai shi ne zaka iya shafawa da tsumma a kai. Ni dai in aikin nan nawa ne ma ba zan sa tsumma ba, sila zan fara, in ɗiga kala kaɗan cikin laka, ruwan ƙyallin nan da ake fesa wa katako a ƙarshe, in dinga fesawa siriri-siriri har duhun ya kai inda mai kaya yake so, kalar tana zaune a sama kenan bata shiga katakon ba balle ta yi tabo.

Dan_Naibawa:

Ni a ganina gugar ce bata yi ba. Ka bi shi da samfefa 400 ko sama da haka yayi sumul sosai zai daina sha da yawa.

Baba_Kafinta:

Dan_Naibawa, a nan kam ban bi ka ba. 400 goge fuskar katakon take yi ta yi sheƙi, kalar ta ƙi kamawa, kuma hannun mutum baya danna ko'ina daidai, sai ka samu wani sabon dabbaren a kan na farko. A fara da 150 a tsaya a 180, in an matsa 220, a bi tsawon jijiya kar a gitta, kuma a naɗa samfefar a jikin guntun katako mai lebur kar a yi da yatsu.

Sannan yaro ka tabbatar wane iri ne a hannunka kafin ka cika guga. Na asali da ake yi a Rasha, Finland, Latbiya da Estoniya duk ninkin bach ne tun daga sama har ƙasa, kowane ninki wajen 1.5mm, yana da ɗan jiki. Akwai kuma wanda fuskar kawai aka lulluɓa da bach siririya kamar takardar littafi, cikin wani katako ne daban, wannan in ka ɗan daɗe da inji a waje ɗaya ka huda kenan gam ya bayyana, kuma gam baya shan kala har abada. Tunda kace ninki 13 a 18mm alama na kirki ne.

Maganar gam ma, duk inda farin gulu ya tsatso wajen haɗi aka share da yatsa, wajen fari zai fito. Shi yasa na fi son a yi kalar tun kayan suna a warwatse kafin a harhaɗa, a liƙe bakin haɗin da tef. Kuma ka duba fuskar da kyau, wasu suna da faci-faci masu siffar ƙwai inda kamfani ya cire kulli ya toshe, waɗannan daban suke shan kala, ka juya su ciki ko ƙasan teburi tun wajen yanka.

Ni fa har ga Allah ina jin ciwo in naga an rufe bach da duhu, kyansa farin nan ne da layukan gefensa, banish mara kala kawai ya ishe shi. Na ruwa yana barinsa fari, na mai yana ja da shi zuwa rawaya. Ka nuna wa mai kayan guda biyun ko zai canza ra'ayi, in ya dage to kayansa ne.

Hausa_a_Ingila:

Nan Ingila inda nake aiki muna amfani da shi sosai, ko da yake tun 2022 da aka hana shigo da na Rasha kuɗinsa ya tashi. In zaka samu jel sitain, mai kaurin nan, shi ya fi sauƙi ga wanda bashi da injin feshi don baya nutsewa, ka shafa ka goge rarar da tsumma mai tsafta. Ka dinga yin fuska ɗaya gaba ɗaya kar ka tsaya a tsakiya, musamman lokacin hunturu a gida abu na bushewa nan da nan, inda ka tsaya ka ɗora sai layi ya fito. Tsummokaran da suka sha sitain mai mai kuma kar a dunƙule su a kwana, suna iya yin zafi su kama wuta da kansu, a shanya su a waje ko a jefa cikin ruwa.

Sabon_Kafinta:

Allah ya saka da alheri, na gode ƙwarai. Akwai kwamfuresa a shagon maƙwabcina zan aro. Gefen fa Oga MaiFeshi, wajen ninkin nan, shima sila ɗaya?

MaiFeshi_Kaduna:

A'a gefen shafi biyu zaka masa, don rabin ninkin bakin jijiya ne a buɗe, yafi ko'ina zuƙa. Ka yi komai a kan guntayen da suka rage tukuna, tun daga guga har lakar ƙarshe, ka rubuta haɗin da kayi a bayan kowanne, wanda mai kaya ya zaɓa shi zaka bi. Ka sa takunkumi mai kyau in zaka fesa, kuma ka yayyafa ruwa a ƙasan shago saboda ƙura.