Neman kalmar Hausa: "teamwork" da "innovation" a darasin akanta

Malama Rabi: Jama'a, a taimaka. Ranar Litinin zan raba wa ɗaliban akanta takardar darasi, kalmomi biyun nan sun tsaya mini. Aikin shi ne ɗalibai 4 su rufe lissafin wata: ɗaya ya amince da biyan kuɗi, ɗaya ya shigar a littafi, ɗaya ya riƙe tsabar kuɗi, na huɗun ya gwada littafin da takardar banki. Daga nan su kawo dabarar rage kuskure.

Dakta Sani: Haɗin gwiwa da ƙirƙira.

Alhaji Bello: Dakta, a gafarce ni, duka biyun da gyara. Haɗin gwiwa ta riga ta zauna a kan kasuwancin da kamfanoni biyu suka zuba wa jari, ɗalibi zai rikice. Ƙirƙira ta fi haɗari, don a wannan sana'a wanda ya ƙirƙiri alƙaluma maƙaryaci ne. Irinta ce ta durƙusar da Enron, kamfanin makamashi na Amurka, a 2001, ta kuma ja Arthur Andersen, kamfanin da ke binciken lissafinsa, ƙasa. A ce "aikin tawaga". Kuma Malama, ki nuna musu bambancinsa da haɗin baki: mai shigarwa da mai riƙe kuɗi suna haɗa baki, rabon aikin ya tashi a banza.

Malam Iliyasu: Ta biyun "sabuntaka" ce, kamar jarumtaka. Ita kanta "akanta" aro ce, har yaushe za mu zauna da kayan aro?

Dakta Sani: Malam, -taka hali take nunawa, mu kuwa aiki muke nema. Luca Pacioli, masanin lissafi ɗan Italiya, bai ƙago shigar da kowace hulɗa sau biyu ba, 'yan kasuwar Italiya sun riga shi, shi ya wallafa tsarin a 1494. Kalmar da muke so sai ta ɗauki sa dabara cikin aiki har ta karɓu.

Malam Iliyasu: Masu Swahili sun ce "ubunifu", ba wanda ya raina su. Mu ne kullum muke jin kunyar namu.

Alhaji Bello: Ba kunya ba ce. Kalmar da sai an yi mata sharhi kafin ɗalibi ya gane ta ci rabin lokacin darasi.

Malama Rabi: Na gode, malamaina. Na ɗauki "aikin tawaga". Ta biyun zan rubuta "ɓullo da sabuwar hanya".

Malam Iliyasu: Tawaga na yarda. Waccan kuwa jimla ce, ba kalma ba. Ki sa "sabuntaka" ko a ƙasan shafi ne, mu ga wadda ɗaliban za su riƙe.