PostgreSQL ta ƙi karɓar sabuwar kalmar sirri a cikin Docker

Assalamu alaikum 'yan'uwa, don Allah ina neman agajinku.

Ina haɗa wata manhajar wallafa rubuce-rubuce a kwamfutata da Django (tsarin gina manhajojin yanar gizo), rumbun bayananta kuma PostgreSQL 16 ne, dukansu a Docker Compose, kayan aikin da ke tayar da su tare, kowanne a keɓe. Da farko komai na tafiya daidai. Sai na canza POSTGRES_PASSWORD, wato kalmar sirrin rumbun, a fayil ɗin .env, na sa irinta a settings.py, fayil ɗin saitunan Django. Tun daga nan, duk lokacin da na ba da umarnin migrate mai shirya teburan rumbun, amsa ɗaya nake samu: "password authentication failed".

Na tsayar da komai na sake tayarwa, har da --build, amma shiru. HOST, wato adireshin rumbun, yana kan db (sunansa a Compose), tashar (port) kuma 5432. Abin da ya ɗaure min kai shi ne, da na mayar da tsohuwar kalmar, nan take ya shiga.

Zargina yana kan volume ɗin da ke riƙe bayanan. An ce "docker compose down -v" zai warware, amma hakan zai share rubuce-rubucen gwaji da na sha wahalar shigarwa. Akwai hanyar canza kalmar daga cikin psql, manhajar ba PostgreSQL umarni, ba tare da na rasa su ba?