Neman shawara: mu nemi bas kyauta ga kowa, ko ga ɗalibai kaɗai?

Malamar sakandare, Rijiyar Zaki:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ƙungiyar unguwarmu a nan Kano ta ɗora mini rubuta takardar da za mu miƙa a taron jin ra'ayin jama'a kan kasafin kuɗi. Buƙatarmu ita ce gwamnati ta sa bas-bas da za a riƙa hawa kyauta. Tun da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu 2023, kuɗin mota ya zame wa mutane ƙarfen ƙafa. Akwai 'yan matan ajina da ke fashin makaranta, in ka bincika sai ka tarar kuɗin A Daidaita ne babu a gida. Dattawan ƙungiya sun ce in nemar wa ɗalibai kawai, wai in muka ce kowa da kowa za a ce mun cika zari. Ni kuwa raina yana kan kowa. Me kuka gani?

Tsohon ma'aikaci, Gwammaja:
Wa alaikumus salam. 'Yata, ki nemi na kowa, kada ki ji nauyi. Da kuɗin jama'a ake zuba kwalta, da su aka gina gadar Ƙofar Nassarawa, kuma mai mota yana hawa ba a karɓar ko sisi a hannunsa. To wanda ba shi da ko keke, ina rabonsa? Bas ɗin nan shi ne rabonsa.

Sannan ki duba wahalar tantancewa. In aka ce ɗalibai kaɗai, sai an buga kati, sai an sa mai dubawa a bakin ƙofa, kullum rigima. Uwar da ta goyo yaro da zazzaɓi za ta asibiti wane kati za ta nuna? Yaron da ke koyon ɗinki a Kwari fa, shi ba ɗalibi ba ne? Ƙasar Luxembourg da ke Turai ta daina karɓar kuɗin bas da jirgin ƙasa a Maris 2020, kuma abin da tikiti ke kawowa kafin nan bai kai kashi 10 cikin 100 na kuɗin gudanar da sufurin ba. Ki sa wannan a takardar.

Mai A Daidaita, Kurna:
Hajiya, Allah ya ba da lada, amma ku tuna da mu. Da yawanmu acaɓa muke yi aka hana a 2013, muka koma wannan. Keken ma ba nawa ba ne, kullum sai na kai wa mai shi kuɗinsa kafin in cire na cefane. In bas ya kwashe fasinja kyauta ko'ina, gidaje nawa za a daina ɗora tukunya? Ku nemi manyan tituna kawai, irin titin Katsina, titin Zariya da titin Gwarzo, a bar mana cikin unguwa. Bas dai ba zai shiga lungu ba.

Ɗalibi a Turai:
Anti, ki yi hattara da alƙawari. Tallinn, babban birnin Estoniya, ya mayar da sufuri kyauta ga mazaunansa a 2013. Marasa ƙarfi sun amfana, amma masu mota ba su ajiye motocinsu ba, don haka kada ki rubuta cewa cunkoso zai ƙare. Hasselt ta Beljiyam kuma ta fara a 1997, bayan shekara 16 kuɗi ya gagara ta dawo da tikiti. Tambayar farko da za a yi miki ita ce wa zai biya.

Bakanike, Ƙofar Ruwa:
Malama, ni abin da idona ya gani zan faɗa. Motar gwamnati ba ranar ƙaddamarwa take mutuwa ba. Wata rana birki zai cinye, a ce ana jiran sa hannun wani, a ajiye ta. Sai a cire batirinta a sa wa wata, gobe a cire taya, kafin shekara ki gan ta a kan bulo, gilashi ya yi ƙura, awaki na kwana a ƙarƙashi. Saboda haka kada ki tsaya ga "a sayo mana bas". Ki ce a ware kuɗin mai da gyara da albashin direbobi duk shekara, a rubuce cikin kasafi, kuma a kafa lokacin tashi. In mutum ya tsaya a rana awa biyu bas bai zo ba, gobe A Daidaita zai tare.

Malamar sakandare, Rijiyar Zaki:
Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Baba, maganarka na ɗauka, na kowa zan nema, amma a kan manyan tituna kamar yadda mai A Daidaita ya ce, kuma zan roƙi a fara ɗaukar direbobin daga cikinsu. Kuɗin gyara zai zo a shafin farko. Malam bakanike, don Allah ka turo mini lissafin abin da bas ɗaya ke ci a wata, juyen mai da taya da birki, ina so in kammala kafin Alhamis.