Tafiya bakin teku da mota lokacin dogon hutu, wa ya taɓa yi?

Ɗan Argungu: Salamu alaikum jama'a. Hutun wanga Agusta ina son in kwashi iyali da mota mu bi bakin teku daga Kwatano har Ghana, yaran nan ruwan da suka sani kawai gulbin Matan Fada ne. Ta Legas zan bi ko akwai wata hanya?

Na Bagudo: Wa alaikumus salam. Mi zai kai ka Legas da go-slow? Shiga ta Tsamiya ka faɗa Segbana, sai Kandi, Paraku, ka gangara Kwatano. Daga nan titi na bin gaɓa, Wida, Grand-Popo, bishiyoyin kwakwa ko'ina, a Lome kuwa teku na hannun hagunka har bodar Aflao. Amma ka tanadi fasfo ko takardar ECOWAS, katin rigakafin shawara na kowa har yara, da inshorar Brown Card ta mota, sannan ka canji sefa tun gida.

Hajiyar Jega: Ɗan'uwa in kun kai Ghana kada ku tsaya Accra kawai, ku ƙarasa Elmina. Turawan Fotugal suka gina tsohon gidan nan mai ganuwa, Elmina Castle, a 1482, ɗakunan da aka tsare bayi har yau suna nan, wallahi da na shiga sai da na yi hawaye. Kuma don Allah a riƙe yara, igiyar ruwan can ba irin ta gulbi ba ce, jan mutum take.

Ɗan Argungu: Na gode Hajiya. Uwargida ta ce ita dai kifi da aceke, wato dambun rogo, za ta ci.