Neman kalma: me zamu kira "cost cap" na Formula 1 da Hausa?

Assalamu alaikum 'yan'uwa masu bin tseren motoci na Formula 1, da ma masu kishin harshe ko da basu taɓa zama sun kalli tsere ba. Akwai kalmar da ta daɗe tana damuna, duk wanda ya tashi yin bayanin wasan nan da Hausa yana zuwa kanta sai ya tsallaka turanci yace cost cap, wasu suce budget cap, kuma wallahi yanzu ba yadda za'ayi ka gane abinda ke faruwa a tseren nan in baka gane ta ba. Toh dan Allah mu zauna mu sama mata suna, wasu 'yan'uwa ma sun riga sun kawo shawarwarinsu, zan bi su ɗaya bayan ɗaya.

Ga abin a taƙaice. Tun kakar 2021 hukumar FIA mai kula da tseren motoci a duniya ta yanke adadin kuɗin da kowace ƙungiya zata kashe a shekara wajen ƙera mota da gyaranta da tafiyar da ita. Da farko a 2019 dala miliyan 175 aka amince, sai korona ta zo a 2020 kowa ya ji jiki aka sauko dashi zuwa 145, a 2022 ya koma 140, a 2023 ya koma 135, da ɗan ƙarin da ake yi saboda hauhawar farashi da kuma idan tseren shekarar ya haura 21. Kafin nan manyan irin su Mercedes da Ferrari ana kiyasin suna kashe sama da miliyan 400 a shekara. Kuma ba komai ne ke shiga lissafin ba, albashin direbobi baya ciki, na manyan ma'aikata uku da suka fi ɗaukar albashi baya ciki, kuɗin talla ma haka. Duk shekara ka kai takardunka a bincika, in ka haura a hukunta ka. Kenan kalmar da muke nema dole ta zama abu mai lamba, wanda wani ne ya sa maka, kuma ana iya wuce shi.

Masu fassara kalma da kalma zasu ce hula ko murfi. A bar wannan, babu Bahaushen da zai ji "hular kuɗi" ya gane.

Na farko da zai zo bakin kowa shine tsuke bakin aljihu, kuma gaskiya ina son maganar nan, tamu ce, kullum muna jinta a rediyo idan ana zancen gwamnati. Amma ni a ganina ta fi dacewa da dukkan dokokin rage kashe kuɗi da aka daɗe ana yi a dunƙule. A 2004 aka ce inji ɗaya zai yi maka ƙarshen mako gaba ɗaya, a 2005 aka ce sai ya yi tsere biyu, a 2009 aka ce inji takwas kacal kowane direba zai samu a shekara kuma aka hana gwajin mota a tsakiyar kaka, a 2010 aka hana zuba mai ana cikin tsere. Duk waɗannan tsuke bakin aljihu ne, kuma basu hana mai kuɗi kashewa ba, ka toshe masa nan ya kwashi kuɗin ya zuba a kwamfutoci da ɗakin gwajin iska, shi yasa ƙarshe aka dawo kan jimillar kuɗin kanta. Matsalar itace bazaka ce "Red Bull ta wuce tsuke bakin aljihu da kashi 1.6" ba, maganar bata zauna ba, don tsukewa bata da layin da ake tsallakawa.

Wata 'yar'uwa ta kawo iyakar kuɗi. Hajiya na gode, wannan itace ta fi kusa cikin duk wanda aka kawo, iyaka ana sa ta ana kuma ƙetare ta. Amma ki gwada ta a baki ki ji, idan nace "iyakar kuɗin ƙungiyar Williams kenan" me Bahaushe zai fahimta? Zai ɗauka ina nufin abinda suke dashi kenan duka, ba saura. Kuma a wasan nan bambancin yana da girma sosai, don a shekarun farko na dokar akwai ƙananan ƙungiyoyin da kuɗinsu ma bai kai adadin da aka yanke ba, su matsalarsu rashi ne, Ferrari da Mercedes da Red Bull kuwa suna dashi an hana su kashewa har sai da suka rage ma'aikata ko suka maida su wasu ayyukan. Kalmar da zata haɗa mai rashi da wanda aka hana a wuri ɗaya zata rikita mai karatu.

Haddi ma an ambata, amma nauyin addini da ke kanta ya fi ƙarfin zancen tseren mota, mu barta a inda take. Takunkumi kuma hukunci ne, zamu buƙace ta can gaba idan an kama mai laifi.

Sai ƙayyade kashe kuɗi. Wannan daidai take ɗari bisa ɗari, mun saba da ƙayyade farashi, kuma wanda zai rubuta labari a jarida ya sa "dokar ƙayyade kashe kuɗi" bai yi kuskure ba ko kaɗan. Inda take gazawa shine bata gajarta, sunan dokar ne amma ba sunan adadin ba, kuma a hira adadin ake ta ambata, an ɗaga shi, an sauke shi, wane ya haura shi, wannan na ciki wancan na waje. In zaka maimaita kalma uku sau goma a bayani ɗaya, a na huɗu zaka koma turancin.

Ni abinda na tsaya a kai shine geji. Gejin kashe kuɗi a cike, geji kawai idan an riga an san zancen. Kalmar dama a bakin direbobi da makanikai da masu faci take, ka kai taya a duba maka geji, kuma mun daɗe da fitar da ita daga gareji muna cewa abu ya wuce geji ko an sa wa mutum geji. Tana da lamba, wani ke sa ta, ana wuce ta, sharuɗɗan nan uku duk ta cika.

Ku ji ta a cikin labari na gaske. A Oktoban 2022 FIA ta bayyana cewa Red Bull ta wuce gejin 2021 da fam miliyan 1.86, wato kashi 1.6 cikin ɗari, kuma a dokar duk abinda bai kai kashi 5 ba ƙaramin wuce geji ne. Aka ci su tarar dala miliyan 7 aka kuma zabge musu kashi 10 na lokacin da aka yarda su gwada yadda iska ke bi ta jikin motarsu. Aston Martin ita bata wuce geji ba, a takardu ta yi kuskure, aka ci ta dala dubu 450. Kun ji yadda ta zauna? Kuma a nan bari in faɗi ra'ayina tunda zancen ya zo, ni hukuncin nan ya yi min sauƙi da yawa, shekarar da aka wuce gejin itace shekarar da Verstappen direban Red Bull ya karɓe kambu a hannun Hamilton direban Mercedes a zagayen ƙarshe na tseren ƙarshe a Abu Dhabi, tarar miliyan 7 kuma ba daga cikin geji aka cire ta ba, kamfanin da ke bayan ƙungiyar ba zai ji ta ba. Rage lokacin gwajin ne kaɗai ya taɓa su, daga kashi 70 na cikakken lokacin gwaji da ƙungiyar da ta zama zakara ke samu suka koma 63, duk da haka a 2023 suka ci tsere 21 cikin 22.

Ga wani misalin. Haɗari ma cikin geji yake, shi yasa da Bottas direban Mercedes na lokacin ya ragargaza motarsa a tseren Imola na Italiya a 2021 Mercedes ta janye daga wani gwajin taya da aka shirya da Pirelli mai samar wa gasar taya, saboda kuɗin gyaran ya ci mata geji. "Ya ci mata geji", wannan ma kaɗai ya isa hujja, ku gwada faɗinsa da sauran kalmomin ku gani.

Wani babban yayanmu a nan yace ai geji ma daga turanci aka aro ta, an gudu ba'a tsira ba. Ranka ya daɗe haka ne, amma mota da direba da taya da inji da birki duk haka suka shigo, kuma babu wanda yau zai ce ba Hausa bane. Geji ta daɗe da zama 'yar gida, tsohon da bai taɓa shiga aji ba yana faɗinta, cost cap kuwa sai wanda ya yi boko kuma yake bin wasan. Malam ɗaya kuma yace kar a ɗauka gejin mai ko na taya ake nufi tunda zancen mota ake, wannan gyara ne mai kyau na karɓa, shi yasa duk mai rubutu ya fara da gejin kashe kuɗi a cike karon farko kafin ya gajarta.

Abinda yasa na damu a samu kalmar shine tarihin dokar kanta ba ƙaramin labari bane kuma ya kamata a iya bada shi da Hausa. A 2009 bayan Honda ta fice, Max Mosley shugaban FIA na lokacin ya kawo gejin fam miliyan 40, ƙungiyoyi takwas da Ferrari a gaba suka ce zasu ɓalle su kafa gasarsu, aka janye maganar. BMW da Toyota suka fice a ƙarshen shekarar. Sababbin ƙungiyoyi uku da suka shigo a 2010 da tsammanin za'a sa geji suka tarar babu, HRT ta mutu a 2012, Caterham a 2014, Manor ta rufe a farkon 2017, ɗaruruwan ma'aikata suka rasa abinci. Sai da kamfanin Liberty Media ya sayi gasar a 2017 sannan aka iya tursasa manya suka yarda. Bayan an sa gejin ga McLaren da ke sayen inji a hannun Mercedes ta ɗauki kofin ƙungiyoyi a 2024, karon farko tun 1998, ga Audi da Cadillac sababbin shiga gasar a 2026.

A 2026 ɗin gejin ya tashi zuwa dala miliyan 215, kuma kar wani ya ɗauka an sake musu mara ne, an shigo da wasu kuɗaɗen da a da suke waje cikin lissafin ne shi yasa lambar ta kumbura. Masu ƙera inji ma suna da nasu daban tun 2023, an fara da dala miliyan 95, wannan sai mu kira shi gejin masu inji, na farkon kuma gejin ƙungiya idan ana so a bambance su.